Gada Mai Ƙugiya

Shekara tara na yi ina kasa tebur a Bompai, a gindin wata darbejiya da ke tsakanin ƙofar kamfanin matse gyaɗa da ta kamfanin turare. Na fara ne ana saura kaɗan a ba mu mulkin kai. Gidanmu yana Sharaɗa, wadda a lokacin gonaki ce da gidajen ƙasa, babu bututun hayaƙi ko ɗaya. Kullum in na idar da sallar asuba sai in hau keke in bi gefen ganuwa, in wuce Ɗan'agundi da Nasarawa, in tsallake layin dogo, in isa kafin jiniyar farko ta yi kuka. Teburin a ɗakin maigadi yake kwana. Kayan da ke kansa kuwa goro ne, da ashana, da alewa, da sabulu, da allura, sai sigari.

Lebura ba ya sayen kwalin sigari. Kara ɗaya yake saya, ranar albashi ya sayi biyu. Saboda haka ni nake fasa kwalin, kuma duk abin da ke ciki ban da tabar a wurina yake zama. Akwai wani irin sigari mai araha da ake sa wa ɗan kati a ciki don kada tabar ta lanƙwashe. Katin bai kai rabin tafin hannu ba. A gabansa akwai hoton dabba mai launi, a ƙarƙashin hoton an rubuta sunanta da Hausar boko, da lamba. A bayansa an ce dabbobin talatin ne, kowa ya yi ƙoƙari ya tara su. Ni ban ga abin tarawa ba. Zubar da su nake yi a kwata, har ran da maiɗakina ta ce in samo mata wani abu mai ɗan ƙarfi da za ta riƙa naɗe zare a kai. Ɗinkin hula take yi, zaren kuma yana yawan cukurkuɗe mata. Daga ranar na fara zuwa da su gida a aljihu.

Ita ba ta yi boko ba, amma ta sauke Alƙur'ani a gidan mahaifinta, tana kuma karanta ajami. Sai ta ƙirƙiro wa kanta tsari: jan zare a kan zomo, baƙi a kan kura, fari a kan giwa, shuɗi a kan gada. Wata Lahadi ina gyaran sarƙar keke a tsakar gida, tana zaune a tabarma da gwangwanin katunan a gabanta, sai ta ce:

"Malam, wai dajin nan nasu zomaye ne kaɗai a ciki?"

Na ce, "Me kika gani?"

"Zomo ya yi mini yawa, na rasa inda zan kai shi. Kura ma haka. Gada nake so saboda shuɗi, yau kusan wata guda ba ka kawo ko ɗaya ba."

Na ce mata ai sa'a ce, abin da ya faɗo a kwali shi nake kawowa. Ta ce in sa'a ce me ya sa kullum zomo take faɗa wa? Na wanke hannu na zo muka juye gwangwanin muka ware su kashi-kashi. Gaskiyarta. Zomo da kura da biri da zaki da giwa da kurege sun yi tsibi. Sauran duk kusan kai ɗaya suke. Gada kuwa biyar ce tak, uku da zare a jikinsu, biyu babu.

Ta ɗauki biyun nan ta jera su, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Waɗannan ba rubutu ɗaya ba ne."

"Ke da ba ki san boko ba?"

"Ban san shi ba, amma ina da ido. Dubi harafin nan mai dogon wuya. A nan ya miƙe, a nan kuma ya karkata kai."

Na karɓa na duba. Ni ina da takardar shaidar ajin yaƙi da jahilci, kuma babu abin da malaminmu ya fi matsa mana a kai kamar haruffa masu ƙugiya. Sai ya sa mu rubuta baki da baƙi sau ashirin, ya ce duk wanda ya bar ƙugiya ya sauya magana. To a kati ɗaya an rubuta gada, daidai. A ɗayan, hoto ɗaya, lamba ɗaya, an rubuta gaɗa. Na fashe da dariya, na ce mata an mai da dabbar daji wasan 'yan mata. Ita ma ta yi dariya, amma ta ce, "To wa ya sa mata ƙugiyar? Kuma wa ya cire?"

Tambayar nan ta bi ni har Bompai. Na zama in na fasa kwali, katin nake fara dubawa kafin in miƙa wa mai saye tabarsa. Na zagaya wurin masu tebur 'yan'uwana, na ƙofar masaƙa da na majema da na Dakata inda manyan motoci ke lodi, na ce kada su ƙara zubarwa. Suka riƙa yi mini ba'a, wai na girma na koma wasan yara, amma suna ajiye mini. A wata uku na sami gada da dama, mai ƙugiya kuwa ɗaya ce ta ƙaru.

Akwai wani direba abokina da ke ɗaukar man gyaɗa da turare zuwa garuruwa. Mutum ne mai son magana, da na nuna masa katunan biyu sai abin ya shige shi fiye da ni. Ya ce duk tashar da ya tsaya zai karɓo mini na masu teburin wurin. Maiɗakina ta ce in gaya masa kada ya haɗa su wuri ɗaya, na kowane gari ya ƙulle su daban. Ni ban ga amfanin haka ba, amma na faɗa masa. Ya riƙa kawo su a ƙunshin ganyen goro, yana cewa wannan na Gusau, wannan na Funtuwa, wannan na Haɗeja, wannan na Nguru.

Kafin damina ta zagayo mun ga abin da maiɗakina ta hango. Daga yamma ba a taɓa samun gaɗa ba. Duk waɗanda suka zo, daga hanyar gabas suka zo. Sun zama bakwai ke nan da na gida.

A cikin ƙunshin Nguru ne kuma ta tsinci iri na uku. Na riga na duba katin na jefa shi cikin na daidai. Ita ta ɗauko shi ta fita da shi rana ta kira ni. Harafin a miƙe yake, amma a saman wuyansa akwai wata 'yar inuwa, kamar inda aka wanke allo rubutun bai gama fita ba. Ƙugiya ce da aka goge ba ta gogu duka ba. Muka koma muka bi duk gadar da muke da ita ɗaya bayan ɗaya a hasken rana. Muka sami ƙarin ɗaya. Biyu ke nan, kuma har aka daina katin ban taɓa ganin ta uku ba.

Sai na yi abin da mai tebur ya iya: na baje su a gaban jama'a. Na sami wani ɓallin gilashi na danne gada uku a gefen tebur, ta daidai, mai ƙugiya, da mai inuwa. Duk wanda ya tsaya sai in ce ya nuna mini bambancinsu. Waɗanda suka iya karatu su yi dariya, waɗanda ba su iya ba su ce duk ɗaya ne. Kowa da bayaninsa. Wani ya ce jabu ne ake bugawa a kudu. Wani akawu ya ce da gangan kamfani ya yi, duk wanda ya kai musu mai ƙugiya za a ba shi keke. Kwana biyu mutane na zuwa tambayata ko gaskiya ne.

Cikin masu sayen goro a wurina akwai wani dattijo mai farin gemu, mai tsafta, wanda kullum farcensa baƙi ne duk da haka. Farin goro ɗaya yake saya kowace safiya, ya fasa ya ba ni ɓari, mu gaisa ya wuce. Fiye da shekara biyu muna haka ban san inda yake aiki ba, Baba kawai nake ce masa. Ran da ya ga gilashin sai ya tsaya da goron a hannu bai fasa ba.

Na ce, "Baba, ku ma ku gwada. Mene ne bambancinsu?"

Bai sunkuya ba ma. Ya ce, "Ina ka samo ta tsakiyar nan?"

"Daga Haɗeja."

"Har Haɗeja ta kai?"

Ya sa goron a aljihu ya tafi, ranar ban sami ɓari ba. Washegari bai zo ba, haka jibi. Na fara tunanin ko na yi masa wani laifi. Ran Asabar da aka tashi rabin rana sai ga shi. Ya ce in ba maigadi ajiyar tebur in biyo shi.

Muka bi bayan kamfanin turare zuwa wani dogon ɗaki mai rufin kwano wanda na sha wucewa ban kula da shi ba. Ashe maɗaba'a ce, inda ake buga takardun da ake manna wa kwalaben turare da kwalayen alewa. Ma'aikata sun watse, sai warin tawada da kananzir. Ya kai ni kusurwarsa, ya jawo wata babbar takarda mai kauri daga bayan kabad ya shimfiɗa a kan benci. Na ga duk dabbobina a jere, ba a yanka su ba.

Ya ce, "Tabar daga wani gari take zuwa, amma katin a nan aka buga. Ƙirga layin."

Na ƙirga, shida a tsaye, shida a kwance.

"Gurbi talatin da shida ke nan. Dabbobi nawa ne?"

"Talatin."

"To ragowar shidan a bar su fari? Takarda daga ƙasar waje take zuwa, ba a wasa da ita. Sai aka maimaita shida."

Na bi da yatsa na ga zomo sau biyu, kura sau biyu, biri, zaki, giwa, kurege. Abin da ya hana mu sakat shekara guda, ga shi a shimfiɗe a kan benci. Na tambaye shi me ya sa gada ta fi sauran ƙaranci, alhali ita ma gurbi ɗaya gare ta kamar damisa da dorina. Ya nuna mini inda take, can ƙasa a kusurwa. Ya ce a nan ne haƙoran injin ke kama takarda su ja, sau da yawa wurin yakan ɓaci ko ya yage, masu yanka su jefar.

Na ga alamar sauran maganar ba mai sauƙi ba ce a wurinsa. Ya zauna a kan wani akwati ya ce in zauna.

Ya ce hotunan da sunayen a kan farantin ƙarfe suke zuwa daga ƙasar Turawa, su kuma can ba su da haruffanmu. Sai a aiko da bauna da kadangare da rakumin dawa, babu ƙugiya ko ɗaya. Shi ne ya je ya sami mai maɗaba'ar ya ce wannan ba Hausa ba ce, a bari ya gyara. Akwai wani alƙalami mai tsini da wata tawada mai maiƙo da ake ƙara rubutu da su a jikin farantin, ya kama kamar da shi aka zo. Ya zauna ya sa wa ɓauna tata, ya sa wa ƙadangare, ya sa wa raƙumin dawa.

"Ban san yadda aka yi ba," in ji shi. "Hannuna ya yi daɗi. Na ga harafin a tsaye, na lanƙwasa masa kai. Shekara talatin ina aikin haruffa, tun ana jera su ɗaya-ɗaya da hannu. Ni ne ake kawo wa takarda in duba kafin a buga. Ni da bakina na ce a bari in gyara."

Kwana ɗaya da rabi injin yana bugawa kafin wani cikin samarin da ke kula da shi ya lura. Bai zo ya faɗa masa a asirce ba. Sai ya kira 'yan'uwansa, da Baba ya shigo suka jeru suna tafi irin na 'yan mata a dandali. Ya ce sun fi wata guda suna yi masa haka, in ya juya baya sai ya ji tafi ƙasa-ƙasa. Ya ɗauki ɗan dutsen da ake goge faranti da shi ya goge ƙugiyar, aka ci gaba da bugawa. Da aka fita shan iska da hantsi ya ɗauki takarda ɗaya ya duba a rana, ya ga inuwar ta rage, ya koma ya sake gogewa. Shi ya sa mai inuwa ta fi kowacce wuya, aikin safiya ɗaya ce, ita ma ba cikakkiya ba.

Na ce, "Me ya sa ba a zubar da waɗanda suka ɓaci ba?"

"Na roƙa. Mai wurin ba Bahaushe ba ne. Ya sa tabarau ya duba ya ce shi bai ga komai ba, harafi ɗaya ne. Aka yanka aka tura."

Ya naɗe takardar ya mayar bayan kabad. Da muka fito ƙofa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Samarin nan ta gaban teburinka suke wucewa."

Na gane. Kafin in hau keke na shiga ɗakin maigadi na cire gilashin da katunan daga kan tebur.

A gida na kwashe labarin duka na gaya wa maiɗakina. Ta ji daɗin maganar gurbi talatin da shida ƙwarai, har ta sa na zana mata a ƙasa da tsinke. Da na zo kan tafin sai ta daina murmushi. Ta jawo gwangwani ta fara warware shuɗin zaren da ke kan wata mai ƙugiya.

Ta ce, "Kai masa su duka."

"Duka? Har masu inuwar? Kin san wahalar da aka sha?"

"Na sani, ai da ni aka sha. Amma aikin hannunsa ne. In ya ga dama ya ƙona."

Kwana biyu ina jan ƙafa. Masu inuwar nan biyu sun shiga raina, musamman da na san ba za a ƙara yin irinsu ba. Ran Talata dai na ƙunshe tara ɗin a takarda, da ya zo sayen goro na miƙa masa. Ya buɗe a tsaye. Ya ɗaga kowanne ya duba, ya daɗe a kan mai inuwa yana karkata ta a rana. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Da na ƙara shafa dutsen sau biyu da shi ke nan." Sannan ya ce, "Amma ƙugiyar ta yi kyau. Dubi yadda ta zauna." Na ce wallahi ta fi ta ɓauna kyau, kuma ba daɗin baki na yi masa ba.

Ya zaɓi mai ƙugiya ɗaya da mai inuwa ɗaya ya sa a aljihun gaba, ya maido mini da sauran. Ya ce ni na yi yawon nemansu, nawa ne, a dai bar su a gida. Ban taɓa tambayarsa abin da ya yi da biyun ba.

Abu ɗaya ne bai iya warware mini ba, wato dalilin da ya sa suka bi hanyar gabas. Ya ce shi aikinsa ya ƙare a bakin wuƙar yanka. Direba ya ce ai a fili yake: katunan kwana ɗaya a akwati ɗaya suke tafiya, a zuba su a tabar rana ɗaya, tabar kuma ta hau mota ɗaya. Na yarda da wannan har na fara faɗa wa mutane kamar ni na gano. Bayan wata shida sai shi direban da kansa ya kawo mini mai ƙugiya daga Gusau. Muka zauna muna juya ta. Ya ce watakila wani fasinja ne ya sayi kwali a Nguru ya hau jirgi. Watakila. Har yau ban sani ba.

Ba a daɗe ba aka daina sa hotuna, sai wani kati fari fat mara rubutu. Baba kuma ƙarfinsa ya ragu, ya bar aiki ya koma ƙauyensu a bakin kogin Challawa. Da yake ba nisa daga Sharaɗa, wata Juma'a bayan an sauko na hau keke na je gaishe shi, na tafi masa da goro. Na same shi a ƙofar gida a inuwar mangwaro tare da maƙwabcinsa, wani tsohon maharbi. Farcensa ya yi fari tas, har sai da na yi magana.

Muna cikin hira Baba ya ce, "Kai kuwa ka taɓa ganin gada da idonka?"

Na ce ban taɓa ba, sai a kati. Ya ce shi ma haka. Maharbin ya tambayi wane kati, na laluba aljihu na sami ɗaya ta daidai da nake sawa a bayan madubin keke don kada ya yi rawa. Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa.

Ya ce, "Wa ya ce muku wannan gada ce?"

Na nuna masa rubutun. Ya ce shi bai san rubutu ba, amma ya san gada, ya ci namanta ya fi a ƙirga. Gada gajera ce, bayanta a ɗan tanƙware, tana da tukku tsakanin ƙahoninta. Wannan mai dogayen ƙafafu da dogon wuya, in ma wani abu ce to 'yar barewa ce, ita ma wanda ya zana ta bai taɓa ganinta tana gudu ba.

Baba ya dube ni, na dube shi. Sai ya fara dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, har tari ya sarƙe shi aka kawo masa ruwa a moɗa. Da ya sha ya share ido da hannun riga ya ce, "To wannan kam ba hannuna ba ne."

Maharbin ya ce in ina so in ga ta gaske in zo bayan an yi girbi, akwai inda suke saukowa shan ruwa da sassafe. Na ce in Allah ya yarda. Baba ya sa aka ɗaure mini dankali a bayan keke, na yi musu sallama don in riski la'asar a gida.